Kawu Ilu da Jiragen Taurari

Duk wanda ya taɓa hawa lorin Kawu Ilu, Allah ya jiƙansa, ya san abin da zan fara da shi. Da zarar mun kai gangaren nan na bayan gari, hanyar Hawata, sai ya miƙa hannu ya murɗe makulli. Inji ya mutu ɗif. Lori ya ci gaba da gangarawa shiru, ba ka jin komai sai kukan ƙarafa da salatin mutanen da ke baya a kan buhunan dawa. Shi kuwa ya jingina, ya gyara hula, ya ce, "Jama'a, mun shiga sararin sama. Daga nan tafiya kyauta ce."

Sai ka ji wani ya daki rufin mota daga baya, yana kiransa da laƙabin da ake wa manyan direbobi. "Usta Ilu! Birki fa?"

"Zauna, ya zol! Wa ya tambaye ka?" Haka yake ce wa kowa, ya zol, wato kai mutumin nan.

To, yau da muka taru sadakar arba'in ɗinsa, bari in faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa. Ni na ɓata shi. Da can ma yana kashe inji a gangare, don Kawu in ka taɓa masa jaz, man lorinsa, kamar ka taɓa jininsa ne. Amma da can a ɓoye yake yi, yana ɗan jin kunya. Ni ne na zo daga Hartum na ba shi hujja ta ilimi, kunyar ta tafi ba ta dawo ba.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, ni ne Mutari, ɗan ƙanwarsa. Shekara goma sha shida ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Bahri, gefen Hartum. Taswira ita ce sana'ata, ku riƙe wannan. Da yaƙi ya tashi muka taho Gadarif, ni da matata Sa'adiyya da yara, da jaka ɗaya. Kawu ya kwashe tsofaffin tayoyi daga ɗakin zaure ya ce mu shiga, bai ƙara wata magana a kai ba har ya bar duniya.

Kwanana huɗu a garin aka aike ni kasuwa sayo albasa. Ban dawo ba sai bayan azahar, kuma ba ni na kawo kaina ba. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ce ta rako ni har ƙofar gida, tana cewa ta ga na wuce ta gabanta sau huɗu, ta tsorata ko aljanu ne suka ɗauke ni. Kawu yana zaune a kan tabarma yana shan jabana, gahawar nan tamu. Ya dube ni, ya dubi albasar, ya dubi tsohuwar.

"Ustaz," ya ce, "a makarantar taku, taswirar wace duniyar kuke koyarwa?"

Washegari ya naɗa ni yaron motarsa. Ina da shekara arba'in da biyu da furfura a gemu. Ya ce ba don yana bukatar taimako ba ne, don dai in ina gefensa ya san inda nake.

A rumfar shayin Hajja Batul, kusa da inda lorori ke tsayawa, a nan abin ya samo asali. Tana da talabijin mai aiki da hasken rana, kuma bayan la'asar ana nuna wani fim mai dogon zango da aka juya zuwa Larabci, labarin wani ƙaton jirgi mai yawo tsakanin taurari. Sauran mutane faɗan suke jira, ko soyayyar shugaban jirgin da likitarsa. Kawu ko a jikinsa. Shi direban kawai yake kallo, wani siririn saurayi mai zama gaban madannai. In an zo wurin da jirgi zai karkata, sai ya ɗaga hannu: "Ku yi mana shiru, zai sha kwana!"

Ran nan ya matso da kujerarsa kusa da tawa. "Ustaz, tsakanin inda suka baro da inda za su, tudu ne?"

Na gyara zama. Watanni ke nan ba wanda ya yi mini tambayar da na san amsarta. Na ce, "Kawu, can babu tudu babu gangare. Babu iska, babu laka, babu abin da zai riƙe ka. In ka tura abu sau ɗaya, haka zai yi ta tafiya har abada, sai in wani abu ya tare shi."

Ya ajiye finjalinsa a hankali. "Maimaita."

Na maimaita.

"Ko an kashe inji?"

"Ko an kashe inji."

Ya juya ya dubi talabijin, inda wuta ke ta fita a bayan jirgin shuɗiya shar. Wallahi sai da na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya miƙe ya je ya tsaya gaban akwatin, ya kare wa kowa. "Kai! Kai ɗan nan! Mako uku ina kallonka, ko sau ɗaya ba ka kashe ba! Man ubanka ne?"

Hajja Batul ta ce, "Usta, ka matsa mana, ai ba ya jin ka."

"Na sani ba ya ji! Da yana ji da bai kai haka ba!"

A hanyar gida ya ce, to in babu abin da ke riƙe ka, yaya ake tsayawa? Na ce babu birki irin namu. In ka kai rabin tafiya, sai ka juya jirgin gaba ɗaya, gindinsa ya fuskanci inda za ka, ka kunna inji, shi zai yi ta rage maka gudu har ka isa. Kwana biyu bai tayar da maganar ba. A na uku muna cikin ɗaure tamfol sai ya tsaya da igiya a hannu ya ce, "Wato duk wanda zai isa lafiya a can, da baya yake shiga gari." Na ce haka ne. Ya ce, "Subhanallahi. Ni ko shekara talatin ana zagina a kan kashe inji, abin da ya fi wannan sauƙi."

Daga nan ya sayo littafin rubutu na 'yan makaranta, mai bango kore, ya ce zai yi wa direbobin sama dokoki, tunda ya lura ba su da babba. Shi yana faɗa, ni ina rubutawa, a inuwar lori in ana jiran lodi. Doka ta farko kun riga kun san ta: a kashe inji. Ta biyu, kada direba ya ci abinci ya ƙoshi kafin tafiya. Ta uku ce ta haɗa mu faɗa, don a kanta na so in nuna masa cewa ni ma ba a banza na yi jami'a ba.

Ya ce, "Rubuta: direba ya zaɓi tauraro ɗaya ya sa shi a gaba, kada ya sake shi."

Na ajiye biro. Na yi irin murmushin nan da nake yi wa ɗalibai in sun faɗa rami. Na ce, "Kawu, ba haka abin yake da sauƙi ba. Hasken da kake gani na tauraro tsoho ne. Wani ya yi shekara dubu a hanya kafin ya iso idonka. Tauraron ya daɗe da matsawa daga wurin. Wataƙila ma ya mutu, kai kana nan kana ganin haskensa."

Na jira ya yi mamaki. Sai ya kama haɓa yana kallona.

"Wato ku masu ilimi, za ku ɗebi mutane da matansu da 'ya'yansu, ku tsaya a mararraba kuna tambayar mamaci hanya?"

"Ba haka nake nufi ba, akwai lissafi..."

"Ya mutu ko bai mutu ba?"

"Ba a sani ba."

"To goge."

Na ce ai akwai dabara. Akwai wasu taurari masu ƙyaftawa, kowanne da saurin ƙyaftawarsa, ba ka rikita wannan da wancan. In na'urar jirgi ta kama uku ko huɗu daga cikinsu, ta auna, sai ta san daidai inda jirgin yake. Na ɗauki tsinke na zana masa a ƙasa, layi uku suka haɗu a wuri ɗaya. Na yi bayani ya fi na rabin sa'a, har da gumi.

Ya leƙa zanen ya ce, "Wannan ai dogon rumbun hatsi ne, da ƙarfen waya, da dutsen bayan gari. In na hango ukun nan na san inda nake ko da ido ɗaya. Tun uwarka ba ta yi aure ba nake yin haka. Shekara nawa ka ce ka yi a jami'ar?"

"Huɗu."

"Ai da ka zo na gaya maka a yini ɗaya, har da shayi."

Amma ya sa na rubuta. Yana nan a littafin, doka ta uku: a nemi masu ƙyaftawa guda uku, kada a yarda da mai zuba ido.

Yanzu bari in zo kan ranar da ba na son tunawa, wadda kuma in ban faɗe ta da bakina ba Haruna zai faɗe ta, ya ƙara mata gishiri. Ga shi can zaune kusa da randa yana dariya tun ban fara ba.

Tsakiyar damina ce, lokacin cire ciyawa. Mun kai wa leburori gari da mai da busasshiyar kuɓewa a wata babbar gona kudu da gari, nesa da kwalta, muka kwana a kambonsu, 'yan bukkokin da suke zama. Da safe, muna shirin juyowa, sai ihu daga cikin dawa. Kububuwa ta sari Haruna a idon sawu. Haruna mutumin Showak ne, 'ya'yansa biyar, ya zo aikin damina ne kawai. Kafin a ɗauko shi a kawo bakin lori ƙafar ta fara hawa.

Matsala biyu. Hanyar da muka biyo jiya, rafi ya cika ya yanke ta. Sannan hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, rana ta ɓace gaba ɗaya. Kun san ƙasar nan tamu. In ruwa ya sauka a kan baƙar lakar nan, lori ya zauna ke nan, kwana uku, kwana huɗu, sai ta ga dama ta sake shi. Haruna kuwa ba shi da kwana uku. Dole a yanka ta cikin gonaki a fita kwalta kafin ruwa. Kuma wurin, duk inda ka juya iri ɗaya ne: dawa iya gwiwa har ƙarshen gani, ba bishiya, ba dutse, ba rumbu, ba ƙarfen waya.

Aka kwantar da Haruna a baya, mutum biyu suka riƙe shi. Kawu ya hau, ya zaro carbinsa daga aljihu, ya rufe ido yana motsa baki. Ni kuma na zaro waya. Ina da taswirar yankin a ciki, na sauke ta tun a gari, ina ta jiran ranar da za ta yi amfani.

Na ce, "Kawu, ga hanya a nan. Ni zan nuna."

Ya ce, "Bari in gama lissafi."

Sai na ɗaga murya, a gaban leburori duka, na ce, "Kawu, ran mutum ne fa! Wannan ba fim ba ne!"

Ya buɗe ido ya dube ni. Ya mayar da carbin aljihu, ya tayar da mota, ya ce, "Bismilla, Ustaz. Ina muka nufa?"

Na dubi 'yar kibiyar da ke kan waya na ce, "Miƙe." Muka miƙe. Kibiya ta ɗan karkata, na ce, "Dama kaɗan." Ya yi dama kaɗan. Can ta sake karkatawa. "Dama kaɗan, Kawu." Ya yi. Abin da ban sani ba, ƙatuwar lasifikar rediyonsa da ya ɗaure da wayar ƙarfe a gabana tana da maganaɗisu, shi ke jan kibiyar yadda ya so. Ni da na koyar da wannan darasin da kaina, aji biyu, kowace shekara! Haka na yi ta cewa dama kaɗan, dama kaɗan, cikin murya irin ta manya, kusan minti arba'in.

Sai na hango bukkoki a gaba, da hayaƙi. Na daki cinyata na leƙa ta taga na yi wa na baya ihu: "Alhamdu lillahi! Ga ƙauye! Na gaya muku!"

Muka matso. Wani mutum ya fito daga bukka da ludayi a hannu, ya tsaya yana kallonmu baki buɗe. Na ce a raina, wannan mutumin ya yi kama da wani da na sani. Isiya ne, mai dafa wa leburori abinci. Kambonmu ne. Ga ma sawun tayarmu na ɗazu.

Isiya ya ce, "Har kun dawo? Yaya jikin nasa?"

Jama'a, kuna dariya yanzu, ni ma ina yi. A lokacin ba wanda ya yi. Na waiwaya ta 'yar tagar baya na ga Haruna ya tofar da yawu, da jini a ciki. Ƙafar ta kai gwiwa da kumburi. Iska mai sanyi ta fara kaɗawa, mai ƙamshin ruwa. Wayar ta faɗi ƙasan kujera, ban ɗauka ba. Na san in mutumin nan ya mutu, minti arba'in ɗina ne suka kashe shi, kuma ni zan je Showak in tsaya gaban 'ya'yansa.

Kawu bai zage ni ba. Da ma ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya zaro carbi ya ce, "Fitar da kanka ta taga."

Na fitar.

"Ka ga inda hadarin ya fi baƙi?"

"Na gani."

"Gabas ke nan. Mu arewa za mu. Ka riƙe shi a kunnenka na dama. In ya zo gaban mota ko ya koma baya, ka yi ihu. Aikinka ke nan, kada ka ƙara da komai."

Ya sa giya ta biyu, ya daidaita ƙafarsa har kukan injin ya tsaya a murya ɗaya, ba ya hawa ba ya sauka. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana jan carbi. Ni kuwa, malamin labarin ƙasa na shekara goma sha shida, kaina a waje kamar akuyar da za a kai kasuwa, ƙwari suna shiga mini baki, ina gadin gajimare.

Da ya zagaye carbin sau bakwai sai ya ce, "Rafi." Ban ga komai ba. Ba mu yi taku hamsin ba sai ga rafin a gabanmu, ruwa ja yana gudu. Ya karya hagu ya bi gefensa, ya ce in bar hadarin yanzu ya koma ƙeyata. Ya sake zagaye uku. Ya tsaya, ya ce, "Nan akwai tsakuwa a ƙasa." Ya kutsa cikin ruwan. Muka ji tayoyi suna taka dutse ƙaras ƙaras, muka haye.

Na dawo da kaina ciki na ce, "Kawu, yaya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Shekara talatin ina zikiri a gonakin nan da giya ta biyu. Ka zaci lada kaɗai nake ƙirgawa? Mayar da kanka waje."

Wannan fa shi ne abin da na taɓa yi masa bayani a rumfar shayi, cewa in jirgi ya shiga inda ba a ganin tauraro ko ɗaya, na'ura ce ke riƙe gudu da lokaci da kowace kwana, ta faɗi inda ake. Har na gaya masa sunan abin da Turanci, na sa ya maimaita, ya kasa, na yi masa dariya.

Muna hango kwalta, motoci suna wucewa ƙanana, sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Saura ɗan gangare tsakaninmu da titi. Laka ta jiƙe nan take. Kawu ya taɓa birki, lori ya ce bai san zancen ba. Bayan motar ya fara zagayowa a hankali, a hankali, na ga dawa ta wuce ta gabana, na ga hadari, na ga inda muka fito. Na baya suna ta kalmar shahada. Ni ban ma tuna da ita ba, sunan Sa'adiyya nake kira. Lori ya juya gaba ɗaya yana sulalawa da baya. Kawu ya sa giya ta ɗaya ya taka mai, tayoyi suna watsa laka sama, gudun ya ragu, ya ragu, sai muka ji tayoyin baya sun hau abu mai tauri, muka tsaya cak. Kwalta.

Ya juyo ya dube ni, fuskarsa duk laka, idanunsa suna ƙyalli kamar na ango.

"Ustaz! Ka gani? Da baya ake shiga! Rubuta, an gwada!"

Mun kai Haruna asibitin Gadarif kafin azahar. Aka yi masa allurar dafi, ya yi kwana tara, ya fito da ɗan ɗingishin da kuke gani. Likitan ya ce da mun ƙara jimawa da labarin ya canza. Ban tambaye shi ko minti nawa yake nufi ba, ban so in sani.

Bayan kwana biyu na sami Kawu a ƙarƙashin lori yana kankare laka. Na tsuguna na ce, "Kawu, maganar da na faɗa maka a gaban mutane, ka yafe mini."

Ya ce, "Wace?"

"Da na ce ba fim ba ne."

Ya turo kansa waje. "Ai gaskiya ka faɗa. Ba fim ba ne. Da a fim ne da tuni sun buɗe ƙofa sun tura ka waje. Miƙo mini sifana mai lamba sha huɗu."

Na miƙa masa mai lamba sha biyu. Ya dube ta, ya yi ajiyar zuciya, ya fito ya ɗauka da kansa.

Abu na ƙarshe da ya dame shi a kan jiragen nan, bayan an gama girbin riɗi, shi ne salla. Ya tare liman, Malam Yusha'u, a ƙofar masallaci bayan la'asar. "Malam, mutum yana cikin jirgi, ya wuce rana, ya wuce taurarin da muke gani. Lokacin salla ya yi. Ina zai fuskanta?"

Malam Yusha'u yana neman takalminsa ya ce, "Usta Ilu, ka fara samun raka'ar farko a nan ƙasa tukuna, sai mu yi maganar sama."

Kawu ya yi fushi har kwana uku yana salla a masallacin tasha. Ya tambaye ni, na fara zana masa da'ira da kusurwa, ya taka zanen da ƙafa. A rana ta huɗu ya kira ni ya ce in kawo littafi, ya samo amsa da kansa.

Ya ce, "Kakanmu da ya baro ƙasar Hausa da ƙafa zai je Makka, gabas yake fuskanta in zai yi salla. Har yau ai gabas muke ce wa alƙibla. Yana tafiya, yana tafiya, alƙibla tana karkata hagu kaɗan kaɗan. Da ya iso Gadarif ya zauna, ta koma kusan arewa. Makka ce ta tashi?"

Na ce a'a.

"To shi ne ya matsa. Kuma bai ɓata ba, don duk garin da ya sauka yana tambayar mutanen wurin. Rubuta: in ka isa wata duniya, kada ka yi girman kai. Ka nemi waɗanda suka riga ka zuwa, ka ga inda suka fuskanta."

Na ce, "In kuma kai ne na farko fa?"

Ya ce, "To ka yi iya ƙoƙarinka. Allah ya san ba ka da wanda za ka tambaya."

Ita ce doka ta ƙarshe a littafin. Bayan mako biyu ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai yi kwana biyar ba.

A maƙabarta, da aka zo fara haƙa, ban san abin da ya shiga kaina ba. Ina jin so nake in yi masa wani abu na ƙarshe da ilimina. Na matsa gaba, na share hawaye, na dubi rana, na miƙa hannu na ce wa masu haƙa, "Alƙibla nan take. Ku ja layin haka."

Tsohon da ke riƙe da diga ya bi hannuna da kallo. Ya ce a hankali, don kada mutane su ji, "Ustaz, can Habasha ce. Dubi maƙwabtansa."

Na duba. Ga su nan jere, ɗaruruwa, duk sun kwanta sun fuskanci wuri guda. Na sauke hannuna. Dariya ta taso mini ta haɗu da kuka, na rasa wadda zan fara, sai na koma gefe na tsuguna na yi su tare.

Ya Allah, ga bawanka Iliyasu ya iso inda ba mu iya raka shi. Ya ɗauki mutane da yawa ya kai su gida, ya buɗe mana ɗaki ranar da ba mu da ko ɗaya. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka sanya haske a cikinsa, ka haɗa shi da mutanen kirki da suka riga shi isa. Mu kuma da muka saura a hanya, ka kai mu lafiya. Amin.